Takardar da Ta Tsayar da Maganin Mubaraka

Gwandu, 4 ga Yuli

Ubaidullahi,

An tsayar da maganin Mubaraka tun ranar Talata. Na fara da wannan ne don kada ka ajiye wasiƙar ka ce sai ka huta.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Halimatusa'adiya da yara. Yaya karatu, yaya damina? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ka sani.

Ka tuna ranar da na kawo ta asibiti a Birnin Kebbi aka manna mata wayoyi a ka don awon ƙwaƙwalwa. An ce sakamako sai likita ta karanta, kuma layi da tsawo. Ni na roƙe ka, tunda kana da injin da ke karanta irin wannan awon a kwamfutarka, ka ba mu wani abu mu riƙe. Ka buga mana takarda. Na kai takardar Ceberu gidan mijin Mubaraka, surukinta Malam Atiku ya sa aka karanta masa a zaure. Layi ɗaya ya kama: ba a ga alamar farfaɗiya ba. Ya yi hamdala, ya ce ashe iska ce, iska kuwa ba a ba ta maganin asibiti. Ya karɓe kwalbar maganin ya sa a aljihu. Yanzu rubutu take sha, ana yi mata hayaƙi safe da yamma.

Haruna mijinta ba ya ɗaga ido ya dubi ubansa, balle ya musa masa.

Jaririyarta Jidda wata huɗu ke nan da haihuwa, kullum tana bayan uwarta. Da ita take girki, da ita take zuwa rijiya.

Ba zan yi maganar nan a waya ba, gidanmu kunnuwa sun yi yawa, kuma har yau maƙwabta ba su san sunan ciwon ba. Ka ba Ɗanjuma direba amsa a tasha. Tambayata ɗaya ce: ɗiyata ta warke, ko ba ta warke ba?

Gwaggonka,
Kubura

*

Kalgo, 7 ga Yuli

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki jiya. Duk muna lafiya, Halimatusa'adiya tana gaishe ki, ta ce a yi wa ƙafar sannu.

Mubaraka ba ta warke ba, kuma takardar ba ta ce ta warke ba. Abin da ta ce shi ne, cikin minti talatin ɗin da aka yi ana awon, manhajata, wato injin da kike faɗa, ba ta ga alamar ciwon ba. Mai farfaɗiya yana iya zama minti talatin, har wuni guda, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa tana fitar da 'yar wutar lantarki kaɗan. Wayoyi ashirin da ɗaya da aka manna mata su ke ɗaukar wutar, na'ura ta zana ta layi-layi. Likita ɗaya ce ke karanta zanen a wurin, Dakta Surayya, mutane kuwa sun yi mata yawa. Shi ne nake gwada koya wa kwamfuta aikin. Na nuna mata dubban zane na marasa lafiya a asibitocin ƙasashen waje, wanda likitoci suka riga suka yi wa alama, wannan ciwo ne, wannan ba ciwo ba ne, har ta fara ganewa da kanta. Amfaninta kawai ta nuna wa likita wanda ya kamata a fara dubawa. Ba likita ba ce. Aikin karatuna ne, ban ma gama ba, bai kamata in ba ki takardar ba.

Tsayar da maganin nan farat ɗaya yana da haɗari ƙwarai. A mayar mata da shi. Kafin nan kada ta goya Jidda, kada ta zauna bakin murhu ko rijiya ita kaɗai, kuma ta riƙa ba da nono a zaune a ƙasa. In ta faɗi a kwantar da ita ta gefe, kada a sa mata cokali a baki.

Amma kada hankalinki ya tashi da yawa. A gwajin da na yi, cikin goma manhajar tana dacewa a tara.

Ɗanki,
Ubaidullahi

*

Gwandu, 12 ga Yuli

Ubaidu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ƙafa da sauƙi, har na hau babur.

Na kai wasiƙarka Ceberu ranar Alhamis, na karanta wa Malam Atiku ita da bakina daga bakin ƙofar zaure. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, ban taɓa karanta abu a hankali kamar ranar ba. Ya saurara har ƙarshe yana gyaran ƙotar fartanya. Da na gama ya ce, "Malama, maimaita mini na ƙasan nan."

Na maimaita.

Ya ce, "Tara cikin goma. Ni in an ce mini gonata za ta yi kyau shekara tara cikin goma, ai rawa zan yi. Yaron nan naku mai kunya ne, ba ya son yabon kansa, shi ya sa ya yi ta zagaye-zagaye a sama."

Na ce, "Malam, ya ce a mayar da maganin."

Ya ce, "Ya ce kuma kada hankalinki ya tashi. Zauna ki sha fura."

Don me ka rubuta wannan layin, Ubaidu? Duk abin da ka gina a sama ya rushe da shi.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Tun ranar da ta fara faɗuwa a gidan aka ware mata kwano da ludayi, don sun yi imani ciwon ta yawu ake ɗaukarsa. Hadijatu, uwar mijinta, ta riga ta ce in ya tabbata farfaɗiya ce za a cire Jidda a nono a kai ta ɗakinta. Takardarka ce ta hana. Yanzu Mubaraka tana cin tuwo kwano ɗaya da matan gidan. Ta yi ƙiba. Ta ja ni ɗaki ta ce, "Inna, don Allah ki bar maganar nan. Ki bar ni da iskar, iska ba a raba ta da ɗiyarta."

Muna cikin maganar ta tafi. Ba faɗuwa ta yi ba. Idonta a buɗe, tana tauna baki babu komai a ciki, hannun damanta yana murza bakin zane. Na kira sunanta sau shida. Da ta dawo ta ce, "Ina muka tsaya?" Jidda tana cinyarta duk wannan lokacin.

Malam Atiku ya ce takarda ce ta tsayar da magani, takarda kuma za ta mayar da shi, amma mai hatimin likita. Yaushe likitar za ta karanta?

Kubura

*

Gwandu, 20 ga Yuli

Ubaidullahi,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta hana ka amsa, ko da yake na san lafiyar ce, tunda Ɗanjuma ya ce a hannunka ya sa wasiƙata. Na karya dokata na kira ka ranar Laraba daga bayan gida, ka ce kana zuwa, za ka kira. Yau kwana huɗu.

Ta faɗi ranar Juma'a. Faɗuwa sosai, irin ta da. Tana dama kunu, hannunta na hagu ya shiga tukunya har wuyan hannu. Babu wanda ya taɓa ta sai da kumfar bakin ta tsaya, daga nesa suka yi ta salati. Jidda tana kan tabarma, minti biyu da sauke ta don ta yi fitsari a zanen goyon. Minti biyu, Ubaidu. Fitsarin jaririya ne ya tsaya tsakaninmu da abin da ba zan iya rubutawa ba.

An ɗaure hannun a ɗakin shan magani. Malam Atiku ya ce iskar ce ta ji zafin hayaƙi take son fita, a ƙara.

Ni ban yi jami'a ba, amma na san ɗalibi yana tsoron a ce aikinsa bai yi ba. In abin da ya rufe maka baki ke nan, ka faɗa mini in daina jira. Kakanka da ubana uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ban taɓa tuna maka wannan ba, kuma ban so in fara yau ba.

Kubura

*

Kalgo, 23 ga Yuli

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya ba Mubaraka sauƙi, ya tsare Jidda.

Ba tsoron malamai ne ya hana ni ba, amma ba ni da hujja mai kyau. Ranar da na karanta wasiƙarki ta sha biyu ga wata na buɗe ainihin zanen, wanda da shi ya kamata in fara kafin in buga miki komai. Na ga abin da ya tayar mini da hankali. Na ce na riga na ba ki takarda ɗaya cikin gaggawa, ba zan sake magana ba sai na tabbatar. Dakta Surayya kuma ta yi tafiya, sai jiya ta dawo. Na zauna jiran tabbas, Mubaraka kuma ta ƙone. Wannan a kaina yake.

Ga abin da na gani. Cikin wayoyi ashirin da ɗaya, huɗu ba su kama fatar kai ba, duka a ɓangaren hagu, saman kunne. Zanensu ya fito a dagule. Ni na koya wa manhajar cewa in ta ga layi a dagule ta jefar da shi ta yi aiki da sauran, don kada ya ruɗa ta. Ban koya mata ta faɗa cewa ta jefar ba. Ta karanta sha bakwai, ta ce ba ta ga komai ba. Irin tafiyar da kika kwatanta, da tauna baki da murza zane, sau da yawa daga gefen kai kusa da kunne take tasowa. Wato wurin da ya fi bukatar a duba shi ne ba a duba ba.

Ma'aikaciyar da ta manna wayoyin ta rubuta a gefen fayil cewa sun ƙi kamawa, ta goge ta sake har sau uku. Ban karanta rubutunta ba.

Akwai ƙari. Da sakamakon manhajar aka jera sunaye a gwajin da muke yi, sai sunan Mubaraka ya koma can ƙasa. Na gaya wa likita komai jiya. Ta yi mini faɗan da ya dace, ta dawo da fayil ɗin sama.

Gwaggo, ina son ki tuna da kyau. Me ke kanta ranar? Na rubuta miki kafin ku zo cewa a wanke mata kai.

Ubaidullahi

*

Gwandu, 25 ga Yuli

Ubaidu,

Assalamu alaikum. Na ji bayaninka. Maganar da na yi a kan kakanka, ka yafe ta.

An wanke. Da hannuna na wanke mata, da sabulu, sau biyu, kamar yadda ka ce. Da ya bushe na shafa mata man shanu har ƙasan gashi, mai kyau, wanda na aika aka karɓo mini daga ruga. Sannan na kira mai kitso ta zauna a kanta tun hantsi har la'asar, ta yi mata ƙanana, masu tsauri, aka tattaro su suka sauko ta gefen hagu. Ni na zaɓi irin kitson.

Wace mace ce a ƙasar nan za ta wanke kai ta bar shi haka? Wankin kai da mai da kitso ai aiki ɗaya ne. Kuma Birni za mu, gaban likitoci. Ban so a kalli ɗiyata a ce daga ganin kanta an san ba ta da lafiya ba. Da ma'aikaciyar take ta gogewa da auduga tana tsaki, na ɗauka raini ne, har na harare ta.

Tun jiya nake duban hannuwana.

Kai ba ka ce kada a sa mai ba, ni ban tambaya ba. Mutanen ƙasashen wajen da injin naka ya koya a kansu, na san ba sa zuwa da man shanu. Sai ka koya masa namu, in Allah ya sa ka ci gaba da aikin. Amma ba wannan ne gabana yanzu ba.

Na tattara kayana, zan koma Ceberu daga gobe. Na san uwa ba ta tarewa gidan surukan ɗiyarta, za a yi ta magana, a yi. Ni zan goya Jidda, ni zan zauna bakin murhu. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan yi da takardar da za ka kawo. In ta ce ba farfaɗiya ba ce, babu magani. In ta ce ita ce, babu Jidda. Mubaraka ta ce ba za ta tsefe kitson ba, ba za ta sake shiga motar Birni ba, gara ta ƙone ɗaya hannun. Ka gaya wa likitar haka. Ita ma mace ce.

Kubura

*

Kalgo, 2 ga Agusta

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, ruwa ya tare mu a hanya amma bai yi yawa ba. Ban samu na yi miki bayani jiya ba, kina cikin gida ina zaure, kuma mai babur yana jira. Ga yadda muka yi.

Na ba Malam Atiku takardar Dakta Surayya. Ya fara duba hatimin, ya shafa shi da babban yatsa, sannan ya ce in karanta. Abu uku ta rubuta. Na farko, bisa abin da aka gani a jikin Mubaraka da tarihin faɗuwarta, farfaɗiya ce, a mayar da magani nan take yadda ta tsara, a kuma dawo ranar sha huɗu a sake awo, kai a tsefe, babu mai. Na biyu, ba a ɗaukar ciwon ta yawu, ko kwano, ko taɓawa. Na uku, a bar jaririya tana shan nonon uwarta, a dai sa babba kusa da su.

Ya ce, "To ɗan boko, injin naka da can ya yi ƙarya, ko yanzu yake yi?"

Na ce, "Yanzu ba shi ke magana ba, Malam, likita ce. Shi kuwa da can ido ɗaya a rufe ya duba, ni na rufe masa ban sani ba."

Ya ce, "Kai ka rubuta tara cikin goma."

Na ce, "Ita ce ta goman."

Dattawa biyu da ke wurin suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Ka san abin da ka sa na yi? Na tsaya a masallaci na ce wa mutane gidana babu wannan ciwon. 'Yan'uwan Haruna mata uku ne ba su yi aure ba. Yanzu in koma in ce me?"

Na ce ya ce ni na yi kuskure, kuma in yana so in tsaya har la'asar in faɗa da bakina. Ya ce ba sai na tsaya ba.

A nan ne Hadijatu ta aiko a gaya masa abin da ke faruwa a ciki, cewa kin ɗauko tsohon kwanon da aka ware, kin dama fura a ciki, Mubaraka ta sha kin karɓi ludayin kin sha, kina ta yi har kwanon ya ƙare. Ya ce, "Malama dai ba ta zo da wasa ba." Ban san ko yabo ne ba.

Abu na biyu da na uku na takardar ya sa na maimaita masa sau biyu. Na farko bai ce a maimaita ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihun da kwalbar take, na ji ƙarar ƙwayoyin. Ya ce zai yi shawara, kuma a gaya miki ya gode da ɗawainiya, ki koma gida ki huta da ƙafarki, matan gidansa sun ishe shi. Na roƙe shi ya bar ki ko kwana uku. Ya ce an gama magana.

Haruna ya rako ni bakin hanya. Sai da na hau babur ya ce, "Sau nawa ake sha a rana?" Na rubuta masa a tafin hannu.

Na gyara manhajar. Yanzu in ta jefar da ko waya ɗaya sai ta rubuta a sama cewa awon bai cika ba. Na san wannan ba ya mayar da fatar hannu.

Ubaidullahi

*

Gwandu, 4 ga Agusta

Ubaidu,

Wa alaikumus salam. Na dawo gida tun Asabar, kamar yadda aka ce in yi. Lafiyata lau, barci ne babu.

Kafin in taho na tsefe mata kai. Ta dai zauna tsakanin ƙafafuna ta juya mini baya. Sau ɗaya ta tafi ina tsakiyar aikin, na riƙe kafaɗarta har ta dawo. Na wanke, na ɗaura mata ɗankwali a kan gashin haka. Hadijatu ta leƙo ta ce, "Babu mai?" Na ce babu. Ta ce, "Sai ka ce mai takaba." Ta tsaya ta ɗauki Jidda, ta yi mata wasa. Sai ta mayar da ita cinyar uwarta ta fita. Kwanon dai ban san inda aka tsaya a kansa ba.

Ruwan jiya ya cinye kwalbatin da ke hanyar Ceberu, babur ba ya wucewa. Na kira wayar Haruna sau tara, ba ta shiga.

Ɗazu bayan azahar wata mai tallar nono da ta ratso ta gonaki ta tsaya ƙofar gida. Ta ce Haruna ya tare ta a bakin gari ya ce ta gaya wa Malama kalma biyu: Jidda tana ɗakin uwarta, kuma Malam ya fito da kwalba da safe. Na ce ya fito da ita ya ba ta, ko ya fito da ita ya zubar? Ta ce ita dai haka aka ce ta faɗa. Na ce kin ga Mubaraka? Ta ce ba ta shiga gidan ba.

Gobe in ruwan ya ja zan tafi, ko da ƙafa ne. Ka riƙe mana ranar sha huɗu. Kada ka gaya wa likita an mayar da maganin sai na ƙirga ƙwayoyin da idona. Ranar da aka karɓe kwalbar saura ashirin da shida ne a ciki.

Kubura